Zan Tafi Aiki Ingila: Wane Layi Zan Shiga, Wa Zan Bar Wa Nawa Na Gida?

Assalamu alaikum Anti. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Zariya. Allah ya yi na samu aiki a wani asibitin gwamnati a Mancesta, ƙasar Ingila, biza ta fito, nan da mako 5 zan tashi. Maigida da yara sai daga baya za su biyo ni. Yayan mijina ya daɗe a can, ya ce kada in wahalar da kaina, zai karɓo mini sabuwar iPhone da layi da sunansa, in riƙa ba shi fam 45 duk wata har shekara 2. Maigida ya ce ƙin karɓa rashin kunya ne, tunda shi zai tarbe mu. A nan gida kuma ƙanena yana so in bar masa layina na MTN, saboda da shi masu sayen turaren wuta da humra suka san ni, kuma shi zai ci gaba da kula da sana'ar. Ga Hajiyarmu, ba ta WhatsApp, ƙaramar waya ce da ita mai tocila, kuma ba ta iya kwana biyu ba ta ji muryata ba. Wane kamfanin waya zan shiga a can? Wata ta ce Lebara, wata ta ce EE, kaina ya ɗaure.

'Yar'uwarku daga Zariya

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya sanya alheri, ya sa a je a sa'a.

Kamfanin da za ki shiga a can zan faɗa miki. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai cikin wasiƙarki shi ne wanda kika ambata kamar ba komai ba, wato layin da ƙanenki yake so ki bar masa. Layin Ingila in kin zaɓa bai yi miki ba, ƙarshen wata ki sauya, asarar ba za ta wuce fam 10 ba. Layin Najeriya kuwa in ya kuɓuce miki kina can, mai yiwuwa sai kin yanki tikitin jirgi kafin ki gyara ɓarnar. Don haka da shi za mu fara.

Ki dubi abin da ke rataye a jikin wannan ɗan guntun sim. Da shi aka yi miki BVN. Ta kansa banki ke turo miki alat da lambar OTP duk lokacin da za ki tura kuɗi ko ki sa manhajar banki a sabuwar waya. WhatsApp ɗinki a kansa yake, haka imel da Facebook, in kin manta lambar sirri ta nan za su tabbatar ke ce. Tun watan Disamban 2020 da gwamnati ta tilasta haɗa layi da NIN, layin nan ya zama shaidarki a gaban hukuma, duk abin da aka aikata da shi sunanki da hotonki za a gani. Wanda sim ɗin ke hannunsa, *565*0# kawai zai danna BVN ɗinki ta fito masa, ya danna *346# ya ga NIN, daga nan kuma manhajojin ba da rancen nan da suka cika gari ba su neman wani abu mai yawa. Ba cewa nake ƙanenki zai ci amanarki ba. Amma saurayi ne, waya na aljihu yana hawa keke napep, abokai na cewa ara mini in yi kira ɗaya, kuma kin san yadda ƙwacen waya ya zama ruwan dare. Ranar da wayar ta salwanta, in aka je ofis yin walkam-bak, wato karɓo sabon sim da tsohuwar lambar, fuskarki da yatsunki za a nema, ke kuma kina Mancesta kina aikin dare.

Maganar sana'a kam yana da gaskiya, kwastoma lamba ya sani. Sai dai mako 5 ya isa a koya masa wata. Ki saya wa ƙanen naki sabon layi a makon nan, a yi rijista da NIN ɗinsa, ya buɗe WhatsApp Business a kai. Ke kuma ki fara sa sabuwar lambar a sitatus kullum, manyan kwastomomi ki yi musu saƙon murya ɗaya bayan ɗaya: Hajiya zan yi tafiya, ga lambar ƙanena, kaya na nan yadda kika saba. Wadda ta manta ta yi miki magana bayan kin tafi, ai za ki gani, domin WhatsApp ɗinki zai ci gaba da aiki da lambar Najeriya a ko'ina muddin akwai intanet, sai ki tura ta wurinsa. Kuɗin ciniki ma zai iya ci gaba da shiga asusunki kina ganin alat daga can, wanda in kin tambaye ni hakan ya fi muku zaman lafiya ku biyun. In kuwa ya zama dole sai an bar masa tsohon layin, to sai kin fara zuwa banki an sauya lambar da ke kan BVN da kowane asusu, kin kwashe WhatsApp da imel, sannan ku je ofishin MTN tare a mayar da mallakar layin da sunansa. Sauya lambar BVN ba ya faruwa rana ɗaya, kuma in wani abu ya maƙale bayan kin tashi babu mai tsaya miki a layin banki. Ni dai ba zan ba ki wannan shawarar ba.

To kin tafi da layinki, sai kuma riƙonsa, domin layi ma yana mutuwa. A ƙa'idar hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, layin da ya yi wata 6 ba a yi komai da shi ba ana lissafa shi cikin waɗanda suka daina aiki, in ya ƙara wasu wata 6 a haka kamfani na da damar sayar da lambar ga wani. Mutanenmu da yawa a waje ta nan suke shiga uku: an zare sim an jefa cikin akwati, bayan shekara sai wani baƙo a wani gari ya fara samun alat ɗinsu, ya buɗe WhatsApp da lambarsu, dangi na ta gaishe shi. Maganin mai sauƙi ne. Ki bar sim ɗin cikin waya, duk wata ki sa masa ɗan kati ta manhajar bankinki, ki tura tes guda ɗaya ga maigida. MTN ma suna da tsarin da suke kira Keep My Number, a biya su ajiye wa mutum lambarsa shekara 1 zuwa 3 ko ba ya amfani da ita, ki tambaya a ofis.

Zuwa ofishin nan kada ki bar shi sai ana gobe tafiya. Ki sa su duba cewa sunan da ke kan layin da wanda ke kan NIN ɗinki iri ɗaya ne, kuma layin zai kama sabis a ƙasar waje. Karɓar tes a waje kyauta ne, shi ya sa OTP zai riƙa shigo miki ba a cire ko kwabo ba. Ɗaga kira kuwa da kuɗi, ke mai ɗagawa ake caja. Data ita ce mai cinye kati kafin ki ce kwabo, saboda haka tun kina filin jirgin Abuja ko Kano ki shiga saitin waya ki kashe datar wannan layin. Ki sa wa sim ɗin lambar PIN, yadda ko an sace wayar aka cire shi aka sa a wata ba zai buɗe ba. In an yi kuskuren PIN sau 3 zai nemi PUK, wadda ke rubuce a jikin katin da sim ya zo a ciki, to ki nemo katin nan ki haɗa da takardunki, in ya ɓace su ba ki lambar a ofis. A WhatsApp ki kunna matakin tsaro na biyu mai lamba 6, ki sa imel. A banki kuma ki tambaya ko za su riƙa turo OTP ta imel ko su ba ki token, 'yar na'urar da ke fitar da lambar da kanta, ki duba ranar ƙarewar katin ATM ɗinki, in ta kusa a sabunta tun kina nan.

Wayar da ke hannunki ba ki faɗa mini irinta ba. In Tecno ce ko Infinix ko Samsung mai sim biyu ta 'yan shekarun nan, kin gama, layin gida a rami ɗaya, na can a ɗaya. In iPhone ce ta hannu irin wadda 'yan kasuwa ke cewa Landan-yus, ki kai a duba ba a kulle take da wani kamfanin waje ba. Yawancinsu ramin sim ɗaya ne da eSIM, wato layin da ake saukarwa cikin waya ba tare da guntun roba ba, kuma daga iPhone 14 zuwa sama waɗanda aka sayar a Amurka ba su da ramin sim ko ɗaya. Ki danna *#06#, in kin ga lambar EID to wayar na ɗaukar eSIM. Abu ɗaya da ya bambanta da gida: an kashe 3G a Birtaniya. EE da Vodafone sun kashe nasu a farkon 2024, Three da O2 suka biyo baya. Tsohuwar wayar da ba ta iya kira ta kan 4G za ta koma 2G, kuma Three ba su taɓa gina 2G ba, don haka a layinsu irin wannan waya za ta ba ki wahala. Caja kuwa kada ki sayi komai, soket ɗinsu mai baki uku ne irin namu.

Yanzu ga tambayar taki. Masu turakun sabis a Birtaniya su huɗu ne: EE, O2, Vodafone da Three, kuma biyun ƙarshe sun haɗe sun zama kamfani ɗaya a 2025, duk da kowanne na sayar da layi da sunansa. Duk sauran sunayen da za ki ji, a jikin waɗannan suke. Burtsatse huɗu ne a garin, 'yan garuwa ne suke da yawa, kowa da kalar jarkarsa da farashinsa. Lebara da Voxi da Asda Mobile a kan Vodafone suke. Giffgaff da Tesco Mobile da Sky Mobile a kan O2. Smarty da iD Mobile a kan Three. Lycamobile ta koma kan EE a 2023. Saboda haka wadda ta ce miki Lebara da wadda ta ce EE ba amsar tambaya ɗaya suka ba ki ba, ɗaya arha take nufi, ɗaya ƙarfin sabis.

Biya kuma iri uku ne. Akwai sa kati kamar na gida. Akwai na wata-wata wanda ba ɗauri, sim kawai, ki biya na kwana 30, in kin ga dama ki sabunta, in ba ki ga dama ba ki tafi abinki. Sai kwantiragi na wata 12 ko 24 ko 36, da waya ko ba waya, wanda ake cirar kuɗinsa kai tsaye daga asusun banki. Na ukun nan sai sun binciki tarihin bashinki a wurin kamfanoni irin su Experian da Equifax, ke kuma sabuwar zuwa ba ki da tarihi ko na kirki ko na banza, ba ki ma da asusun banki tukuna, kuma bankin zai nemi lambar wayar can kafin ya buɗe miki. Na tsakiyan shi ne naki. Lebara, Giffgaff, Smarty da Voxi duk suna ba da na kwana 30 ba tare da wannan bincike ba, a can ba a neman katin shaida ko hoton yatsa kafin a sayar wa mutum irin wannan sim, kuma da abin da bai wuce fam 10 ba za ki samu kira da tes na cikin ƙasa ba iyaka da datar da za ta ishe ki. Sim ɗin kansa kyauta ne in an yi oda ta intanet, a manyan kantuna da ƙananan shagunan unguwa kuma kusan fam 1 ne. Na filin jirgi tsada gare shi, an yi shi ne don masu yawon buɗe ido, ki wuce shi, akwai Wi-Fi kyauta a filin da zai ishe ki sanar da gida kin sauka.

In kin matsa sai na kama suna, da Lebara zan fara saboda Hajiya, domin tsarinsu na wata yana zuwa da mintunan kiran ƙasashen waje. Amma kafin ki biya ki buɗe jerin ƙasashen da ke cikin wannan tsarin ki ga Najeriya da idonki, kuma ki ga cewa wayar hannu ce ba ta girke kawai ba, don jerin yana sauyawa. Lycamobile ma kasuwarsu ke nan, masu kiran gida. In gidan da asibiti zai sauke ki ba shi da Wi-Fi, kina buƙatar data mai yawa don kiran bidiyo da yara, to ki dubi Smarty. Watan farko za ki sha data fiye da yadda kike zato, taswira kaɗai da manhajar bas da taragon cikin gari za su ci rabonsu.

Sai dai duk wannan zancen, wanda zai yanke hukunci shi ne ɗakin da za ki kwana da ɗakin marasa lafiyar da za ki yi aiki. Hukumar sadarwarsu, Ofcom, tana da shafin da ake sa lambar unguwa ya nuna ƙarfin sabis na kowane kamfani, ki sa ta gidanki da ta asibiti. Amma taswira ba ta san kaurin bango ba, kuma tsofaffin gidajen jan bulo da gine-ginen asibiti suna shanye sabis. A makonki na farko ki tambayi abokan aiki biyu ko uku wane layi ne ke kamawa a ɗakin hutu. Amsarsu ta fi talla. Ki kuma kunna kira ta Wi-Fi a saitin waya in layin na yarda, yana ceton mutum a irin waɗannan wurare.

Sai tayin Yaya. Na yarda da zuciya ɗaya ya yi shi, ya san sabon zuwa ba ya samun kwantiragi, ya ce bari ya ara miki sunansa. Amma mu yi lissafi. Fam 45 sau 24 ya kama fam 1,080. Wayarki ta yanzu da layin fam 10 na tsawon wannan lokaci fam 240 ne. Bambancin fam 840, a daidai lokacin da kike neman kuɗin ajiyar haya, wanda doka ta yarda mai gida ya karɓi har na mako 5, ga harajin ƙaramar hukuma, ga rigunan sanyi, ga tikitin mutum nawa da za su biyo ki. Kuma 45 ɗin ba za ta tsaya a 45 ba, yawancin manyan kamfanonin suna ƙara kuɗi kowace shekara wajen watan Afrilu ko da ana tsakiyar kwantiragi. Daga 17 ga Janairun 2025 Ofcom ta tilasta musu su rubuta adadin ƙarin ƙarara tun ranar sa hannu, amma ba ta hana ƙarin ba. Fita kafin wa'adi kuma sai an biya kusan duk abin da ya rage.

Kuɗin ma ba shi ne babbar matsalar ba. Layin da aka karɓa da sunansa nasa ne a wurin kamfani. Wannan lambar ce za ki ba banki, ki ba asibiti, ki ba likitan unguwa, ki ba makarantar yara, ki sa a shafinki na hukumar shige da fice inda bizarki take, tunda yanzu sun daina ba da katin zama, komai ya koma intanet kuma sai da lambar da suke turowa ta waya ko imel ake shiga. Kin ga abin da na hana ki yi da ƙanenki shi za ki je ki yi da yayan miji, rayuwarki duka a kan layin da ba naki ba. In sim ya lalace shi zai kira kamfani. Takardar biyan kuɗi shi take zuwar wa, kuma in ya so zai ga lambobin da aka kira. Ba lallai ya duba ba, amma matar ƙane ba ta buƙatar wannan tsakaninta da yayan miji. Shi ma yana cikin haɗari: watan da albashinki ya yi jinkiri ko lissafi ya rikice, sunansa ne zai ɓaci, kuma bashin da aka rubuta wa mutum cewa ya gaza biya shekara 6 yake yi a tarihinsa, ya hana shi rancen sayen gida. Ke kuma ki biya wata 24 ba fashi, amma tarihin kirkin da ake ginawa nasa ne, naki na nan fayau. Sannan ki yi tunanin wata 24 kina tura wa surukinki kuɗi, ranar da kika makara da kwana biyu matarsa ta sani, ranar da kika sayi sabon mayafi an lura. Hausawa sun ce ana barin halas don kunya, amma ba su ce a ɗauki bashin shekara 2 don kunya ba.

Yadda za a ƙi shi ne abin lura, kuma ba bakinki ne zai faɗa ba, na maigida ne, wa da ƙane sun fi sanin yadda suke magana. Ki zaunar da shi ki nuna masa lissafin nan, musamman haɗarin da ke kan yayan nasa, domin in ya gane cewa kare Yaya ake yi zancen rashin kunya zai faɗi da kansa. Sai ya kira shi ya ce: Yaya, Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci. Wayarta da sauran ƙarfinta, kuma saboda banki da wurin aiki ya fi kyau layin ya zama da sunanta. Alfarmar da muke nema ita ce ka samo mata sim na wata ɗaya ka zo mata da shi filin jirgi, ka kuma gaya mana wanda ya fi kamawa a wajenku. Kin ga ba a mayar masa da hannu ba, an dai sauya abin da zai riƙo. Wannan taimakon ma na gaske ne, domin katin bankinki na naira zai iya ƙin biya a shafinsu. Ya biya watan farko, ko ku sayi katin caji da tsabar kuɗi a shago, amma rijistar a yi ta da imel ɗinki, in asusunki ya buɗe ki sa katinki ki cire nasa. Turaren wuta mai kyau ya isa godiya, kilishi kuwa ki bar shi, ba a shiga da nama Birtaniya daga Najeriya.

In iPhone ɗin ce ta shiga ranki, ba laifi ba ne, ki ba ta wata 6. Lokacin kina da albashi, da adireshi, da asusu, kina iya karɓa da sunanki ko ki tara ki saya kuɗi hannu, sabuwa ko wadda aka gyara mai garanti. Tun Disamban 2021 an hana kamfanoni sayar da waya a kulle, kowane sim za ta ɗauka. Ma'aikatan NHS, wato hukumar asibitocin gwamnati ta can, kuma suna da rangwame a wurin manyan kamfanonin da zarar an ba su imel na aiki, ki tambaya kafin ki sa hannu a komai. Abin da aka saya ta intanet ko ta waya akwai kwana 14 na fasawa.

Hajiya kuma, kada a ɗora mata koyon babbar waya a wannan shekarun in ba ta so. Lambarki ta MTN ta riga ta zauna mata a ka ko a madannin wayarta, to ta ci gaba da kiran lambar, ki gaya mata dai ba za ki ɗaga ba. In kin ga filashin ɗinta sai ki kira ta da layin can. Kafin ki tafi ki yi mata bayani cewa baƙuwar lamba mai farawa da +44 za ta riƙa shigowa, kuma ranar da kika samu lambar ki sa ƙanenki ya je ya ajiye mata da sunan da take kiranki, don tsofaffi da yawa ba sa ɗaga lambar da ba su sani ba, kuma suna da gaskiya. In mintunan wata sun ƙare kada ki ci gaba da kira kai tsaye, farashin minti ɗaya a wajen tsari yana da zafi. Akwai manhajoji irin su Rebtel da Talk360 da ake sa wa kuɗi a kira ƙaramar waya ta intanet. Wanda ya ce miki Skype, labarinsa tsoho ne, an rufe shi a watan Mayun 2025. Ranar Juma'a ko Lahadi kuma ƙanen naki ya kai mata wayarsa ku yi bidiyo ta ga fuskarki. Ki riƙe bambancin lokaci: daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris Ingila na bayan Najeriya da awa 1, sauran watanni agogonku ɗaya. Mai aikin dare ta fi dacewa da kiran safe, kin tashi daga aiki, ita kuma ta idar da lazimi tana karin kumallo.

In wata ya zagayo kika ga layin da kika fara da shi ba ya kamawa, ba sai kin rasa lambar ba. Ki tura kalmar PAC ta tes zuwa 65075, za su turo miki wata lamba mai aiki kwana 30, ki ba sabon kamfanin, cikin ranar aiki guda lambarki ta koma can. Irin sauya kamfanin da aka fara a Najeriya a 2013 ne, sai dai ba zuwa ofis. Saboda haka lambar farko da kika samu ki riƙe ta, kamfani ne ake sauyawa. Lambobi masu farawa da 0800 da 0808 kyauta ne, 01 da 02 da 03 suna cikin mintunanki, amma 084 da 087 da 09 kuɗi ne daban. In kin zo hutu gida ko kin tafi Umara ki kashe datar layin Ingila, a gida ga MTN ɗinki, a Saudiyya ki sayi na STC ko Mobily ko Zain.

'Yan damfara a can sun san sababbin zuwa, kuma sun san abin da suke tsoro. Za a kira ki a ce daga ofishin shige da fice ne ko na haraji, wai akwai matsala a bizarki, in ba ki biya tara yanzu ba za a zo a kama ki. Wani lokaci har lambar da ta fito a fuskar waya ta yi kama da ta gwamnati. Hukuma ba ta karɓar tara ta waya, ki kashe kawai. In an ce daga bankinki ne, ki kashe ki danna 159, zai haɗa ki da bankin na gaskiya. Saƙon tes na damfara ana tura shi zuwa 7726 kyauta. Lambar OTP kuma, ta gida ko ta can, ba a karanta wa kowa ita, ko da ya kira sunanki da na asibitinku daidai. Lambar gaggawa 999 ce, ta neman shawarar lafiya da ba ta gaggawa ba 111, wannan kam za a koya miki a wurin aiki, amma yara da maigida ke za ki koya wa.

Shi ma maigidan, kafin su taso ya bi ta ofishin kamfanin layinsa da bankinsa kamar yadda za ki yi, kuma kada ya bar wa kowa sim ɗinsa. Na can ke za ki saya ki kai masa filin jirgi, rijista da imel ɗinsa. Allah ya kiyaye hanya, a gaida Hajiya.